Wannan "theo" da ke gaban kalmomin Turawa, daga ina ya fito?

Mai_Fassara:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya saura minti goma mu shiga labaran ƙarfe shida aka miƙo min rahoto kan Iran in mayar da shi Hausa, sai ga kalmar theocracy zaune a tsakiyar jimla. Na rubuta "mulkin malaman addini". Edita ya sa jan biro ya soke, ya rubuta "mulkin addini". Mai karanta labarai kuwa da ta iso wurin sai na ji ta ce "gwamnatin malamai". Mutum uku, fassara uku, a kan kalma ɗaya. Har na kwanta abin na cina. Na lura akwai theology, akwai atheist, ga kuma sunaye irin su Theophilus. Wani abokin aikina ya ce theo ɗin nan shi ne Dieu na Faransanci da Deus na Latin, baki ne kawai ya murɗa shi. Haka ne? Sannan in da mai fassarar da zan riƙe ta dindindin, ya taimaka min.

Baban_Zahra:
Wa alaikumus salam. Girkanci ne. Theos na nufin abin bauta. Shi ke nan.

Tsohon_Hedimasta:
Ba shi ke nan ba, Baban Zahra, yanzu ma aka fara. Gaskiya ne theos kalmar Girkawa ce, ta mace kuma thea. Amma a tuna mutanen da suka haifi kalmar ba masu kaɗaita Allah ba ne. A wurinsu Zeus theos ne, Apollo theos ne, Ares theos ne, jam'insu theoi. Wato kalmar ta fi kusa da ilah na Larabci, ba sunan wani guda ba ce. Rabi na biyu na kalmar da ta dame ka kuwa kratos ne, iko ko ƙarfi. Ka san shi ai, shi ne a wutsiyar dimokuraɗiyya: demos jama'a, kratos iko. To cire jama'a ka sa theos, ka ga abin da ya fito.

Na_Damagaram:
Ni dai ina bayan abokin aikinka. Mu da munka yi lakwal da Faransanci, théologie muke cewa da t tsantsa, Dieu kuma da d. Mi ya raba t da d? Harshe ne wuri guda. Italiyawa su ce Dio, Sifaniyawa su ce Dios, Girkawa su ce theos. Ko kurma ya ji wannan ya san 'yan ɗaki guda ne.

Malama_Harsuna:
Yallaɓai Na Damagaram, kama da wane ba ta wane. Wannan tarkon ya daɗe yana kama mutane, har da manyan masana na da can. Sai da aka zauna aka jera kalmomin harsunan biyu gefe da gefe kafin aka gane ba haka ba ne. Duba: inda Latin ke da d a farkon kalma, Girkanci ma d yake da shi. Goma a Latin decem, a Girkanci deka. Biyu duo ne a duka biyun. Gida domus da domos. Inda kuma Girkanci ke da th a farko, Latin f yake sawa: ƙofa a Girkanci thyra, a Latin fores, thymos na Girkawa ɗan'uwan fumus ne, hayaƙi, wanda ya ba ku fumée. To da theos da deus tushensu ɗaya, da wannan ƙa'idar ta karye a kansu su kaɗai.

Ɗan'uwan Deus na jini a Girkanci shi ne Zeus, wanda in aka lanƙwasa shi a jimla yakan koma Dios. Su biyun da Jupiter na Romawa da deva na Indiya duk daga tsohuwar saiwa guda suke mai ma'anar hasken sararin sama. Shi kuwa theos, yawancin masana suna haɗa shi ne da festus da feriae da fanum na Latin, wato ranar biki da wurin ibada. Don haka in kana neman dangin theos a Faransanci, fête za ka kama, ba Dieu ba.

Na_Damagaram:
Fête? Hajiya, wagga magana ta yi nauyi. Kenan sallar da muke hutawa ita ce 'yar'uwarshi, Dieu kuwa maƙwabci ne kawai?

Malama_Harsuna:
Maƙwabcin da suka yi kama har ana ɗauka wa da ƙani ne. Mu ma muna da irinsu. Hannu da hand na Turanci, wa ya ari na wani? Babu. "Shi" namu namiji ne, she nasu mace ce, sauti ɗaya. Mutanen Aztek na Meziko ma teotl suke ce wa abin bautarsu, shi ne a farkon sunan tsohon birnin Teotihuacan, alhali ba su taɓa jin ɗuriyar Girka ba kafin Sifaniyawa su iso musu.

Dan_Tasha:
Ni fa tun da aka ce shi namiji she mace na daina fahimta. A ci gaba, muna daga baya muna kallo.

Fasto_Bukuru:
Gaisuwa ga kowa. Bari in sa baki tunda mu kullum da kalmar nan muke kwana muke tashi. Sabon Alkawari da Girkanci aka rubuta shi, kuma theos ne a ko'ina. Amma ba Kiristoci suka fara ɗora ta a kan Allah ɗaya ba. Yahudawan Iskandariya ta Masar ne, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, da suka ga 'ya'yansu sun fi jin Girkanci a kan Ibrananci, suka fassara Attaura. Inda aka ce Elohim suka sa theos, inda sunan nan mai tsarki da ba sa furtawa ya zo suka sa kyrios. Mu a Littafi Mai Tsarki na Hausa Allah da Ubangiji ne a waɗannan gurabe biyu. Ka ga sun ɗauki kalmar da maƙwabtansu ke kiran gumaka da ita suka cika ta da wata ma'ana.

Game da theocracy kuma, an san wanda ya ƙera ta. Wani marubucin tarihi ne Bayahude, Yusufus, a ƙarshen ƙarni na 1. Yana kare al'ummarsa ne a gaban masu karatun Girkanci, sai ya ce wasu al'ummai sun ba sarki ɗaya mulki, wasu sun ba 'yan tsiraru, wasu sun ba jama'a, amma Annabi Musa ya mayar da mulki da iko duka ga Allah. Shi da kansa ya nuna cewa tanƙwara harshe ya yi kafin kalmar ta fito. Saboda haka, Mai Fassara, a asalinta babu malami ko ɗaya a cikin kalmar. Mulkin Allah take nufi.

Mai_Fassara:
Na gode Fasto. Amma ka yi tunanin in buɗe baki a rediyo in ce "Iran, ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin Allah". Kafin a gama labarai wayar tasha ta ɗau wuta. Wani zai ce to sauran ƙasashen a ƙarƙashin wa suke, wani zai ce mun zama 'yan koren Tehran.

Tsohon_Hedimasta:
Ai shi ya sa asalin kalma daban, abin da ake nufi da ita yau daban. Baturen da ya rubuta rahoton nan ba yabo yake yi ba. Yana nufin tsarin da malaman addini ke riƙe da wuƙa da nama. Fassararka ta farko ta fi ta editanka.

Almajirin_Zaure:
Allah ya gafarta malamai, ina da gyara a kan wani abu da nake yawan ji. Ana fassara theology da tauhidi, kuma a ganina kuskure ne. Tauhidi daga wahhada yake, kaɗaitawa. Kalmar da kanta ta riga ta yanke hukunci cewa Allah ɗaya ne. Ita kuwa theology, bisa bayanin Baba Hedimasta, magana ce a kan theos ko guda nawa ne. Wanda ke nazarin gumakan Girkawa ma theology yake yi. Za a ce yana karatun tauhidi?

Fasto_Bukuru:
Malam, maganarka tana kan hanya ta fuskar lugga. Sai dai mu Kiristocin Arewa mun daɗe muna cewa makarantar tauhidi, ilimin tauhidi, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Kalma in ta zauna a bakin mutane, tayar da ita sai an sha wuya. Larabawa Kiristoci lahut suke cewa, amma in na faɗi haka a coci ranar Lahadi za a ɗauka sunan wani magani ne.

Almajirin_Zaure:
Haka ne Fasto, ban ce a tayar ba. A littattafanmu ma ai sunayen suna da yawa: akwai ilmul kalam, akwai usuluddin, akwai aƙida, akwai ilahiyyat da Ibn Sina ya sa wa wani sashe na littafinsa. Turkawa har gobe ilahiyat suke kiran tsangayar addini a jami'o'insu. Wannan ta ƙarshen ce ta yi daidai da theology ƙafa da ƙafa, don ilah ne a cikinta.

Dr_Falsafa:
Almajirin Zaure ya taɓo inda nake so. Kun san kalmar ta taɓa shiga Larabci da rigarta ta Girkanci? A Bagadaza, wajen shekarar 840, a da'irar masanin falsafa Alkindi, wani Kirista mutumin Hims mai suna Ibn Na'ima ya fassara wani littafi don Ahmad ɗan halifa Mu'utasim, Alkindi ya duba ya gyara. Sunan da aka ba shi Usulujiya, da harafin sa mai ɗigo uku, aka kuma jingina shi ga Aristotal. A farkon littafin an yi wa kalmar bayani cewa magana ce a kan rububiyya, wato ubangijintaka. Abin dariyar shi ne littafin ba na Aristotal ba ne sam. An tsakuro shi ne daga rubuce-rubucen wani masanin falsafa mai suna Plotinus, wanda ya rasu a 270 miladiyya, kusan shekara 600 bayan Aristotal. Ɗaruruwan shekaru ana karanta shi da sunan wanda bai rubuta ba.

Ita kalmar theologia kuma ta girmi duk wannan. Tana cikin littafin Aflatun, malamin Aristotal, kan tsarin jamhuriya, inda yake faɗa da mawaƙa a kan irin labaran da suke ba yara game da alloli: wannan ya yi sata, wancan ya yaudari matarsa, wancan ya ɗaure ubansa. Ya ce a sa musu ƙa'ida. To farkon theology ke nan, tace tatsuniya.

Maman_Ummi:
Ikon Allah. Ni tambayata ƙarama ce. A barikin soja na tashi a Kaduna, maƙwabcinmu akwai yaro Theophilus, mu dai Tifilo muke ce masa, uwarsa in ta fusata ta kira sunan cikakke har da ja masa wutsiya. Kullum yana gidanmu lokacin tuwon dare, har babarmu ta ware masa kwanonsa, wani ɗan ja mai lotsattsen gefe. Me sunan yake nufi?

Fasto_Bukuru:
Maman Ummi, theos da philos ne, masoyin Allah ko wanda Allah ke ƙauna, duka biyun suna shiga. Luka ya rubuta bishararsa da littafin Ayyukan Manzanni ga wani mai wannan suna, daga nan ya bazu. T ɗin da ke gaban sunan Janar T. Y. Danjuma shi ne. Timoti ma ɗan gidan ne, sai dai theos ɗinsa a baya yake: mai girmama Allah.

Almajirin_Zaure:
Ashe Habibullahi ne Tifilon naku.

Dr_Falsafa:
Kuma philos ɗin nan shi ne a farkon falsafa, son hikima. Mun same ta ta hannun Larabawa, su kuma daga Girkawa. Dirhami ma haka, drachma ce.

Malama_Harsuna:
Sunayen nan suna da daɗin bi. Theodoros kyautar Allah ne, theos da doron. Juya shi ka samu Dorothy, kayan ɗaya ne aka sauya musu wurin zama. Da ya je Rasha ya koma Fyodor, don su th ɗin Girkawa f suka ji shi. Da ya je Habasha ya zama Tewodros, sunan sarkinsu da ya mutu a Magdala a 1868 lokacin da sojan Ingila suka kewaye shi. Tedros na Hukumar Lafiya ta Duniya da muka sha gani a talabijin lokacin korona, sunan ke nan. Akwai kuma Theodoulos, bawan Allah, wato Abdullahi ko Bawa.

Kada mu yi wa Rashawa dariya. Mu ma haka muka yi da th na Larabci, muka raba shi gida biyu. Wani wuri s: Usman, hadisi, misali, wasiƙa, sulusi. Wani wuri t: Talata, Litinin, talatin, tamanin. Harafi ɗaya ne a allo.

Na_Damagaram:
To mu nan Dieudonné muke ji wurin baƙi 'yan kudu, shi ma kyautar Allah. Kin gani Hajiya, ko ba dangi ba ne, sana'arsu guda.

Malama_Harsuna:
Wannan kam na ba ka. Mu ma ai muna da Kyauta.

Dan_Tasha:
Tambaya daga 'yan baya: theory fa? Don malaminmu na sakandare ya taɓa ce mana theory na nufin maganar Allah, shi ya sa ba a musu da ita. Na rubuta haka a jarrabawa, wani malamin daban ya yi makin, ya zagaye amsar ya rubuta min "wa ya gaya maka?" Na je na ce wane ne, aka ce in durƙusa don na yi wa malami ƙage.

Tsohon_Hedimasta:
Allah sarki, an zalunce ka, ɗana, amma mai jan biron ya fi gaskiya. Theory daga theoria take, kallo ko zura ido, danginta shi ne theatre, wurin kallo. Ba duk "the" ne na Allah ba. Haka sunayen Jamusawa irin Theobald da Theodoric, nasu daga wata tsohuwar kalmarsu ce mai nufin al'umma. Na shekara 31 ina koyarwa, na san yadda irin wannan ke faruwa: yaro ya yi tambaya, malami ya ji kunyar cewa bari in duba, sai ya ƙera amsa nan take.

Yar_Kemis:
Ni ma ga nawa. Akwai maganin asma da muke sayarwa, theophylline. Tun da aka fara zancen nan nake kallon kwalinsa a kan kanta ina cewa to, wannan kuma Theophilus ne aka mayar ƙwaya? Na duba littafinmu na makaranta. Ashe thea ɗinsa shayi ne, sunan da masana tsirrai suka ba ganyen a Latin ɗinsu, phyllon kuma ganye. Daga ganyen shayi wani Bajamushe, Albrecht Kossel, ya fara fitar da shi a 1888. Amma ɗan'uwansa theobromine da ke cikin cakulan, shi na gidan theos ne na gaske.

Zango_Kumasi:
'Yar Kemis kin shigo gonarmu. Sunan bishiyar koko a wurin masana Theobroma cacao, Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin, ya raɗa mata a 1753, ma'anarsa abincin alloli. Kakana ya yi shekaru yana dako a rumbunan koko a nan Asante, buhu a ka tun asuba, bai taɓa ɗanɗana cakulan ba sai da jikarsa ta kawo masa daga Ankara, babban birnin Ghana. Ya gutsura ya ce wannan ne abin da muke ɗauka? Ya miƙa wa yara sauran ya nemi goronsa.

Dan_Tasha:
Koko abincin alloli? To a haɗa da ƙosai, ni shaida ne.

Zango_Kumasi:
Ba kokon gero ba, kai!

Bamaguje_Zalla:
Duk kun bar wadda ta fi kama da mu. Enthusiasm. Yau Bature na nufin zumuɗi ko ɗoki da ita, amma asalinta entheos ne, wanda abin bauta ya shiga jikinsa. Girkawa haka suke faɗa game da matar da ke ba da duba a wurin bautarsu na Delphi, da mawaƙi in waƙa ta kama shi. Ni na tashi gidan kakata a wani ƙauye kudu da Maraɗi, kuma 'yar bori ce. Na ga ana kaɗa garaya da ƙwarya, mace tana zaune lafiya lau, sai a taɓo kirarin wani iska, idonta ya juye, muryarta ta koma ta wani tsoho, har tari irin nasa. Mu sai mu ce ya hau ta, ita ce goɗiya. Girkawa suka ce ya shiga cikinta. Mu hawa, su shiga.

Almajirin_Zaure:
A'uzu billahi. Amma dai iskoki ba alloli ba ne ko a wurin masu bori. Sun san Allah na sama da komai.

Bamaguje_Zalla:
Ban musa ba, Malam. Kakata in ta yi rantsuwa da Allah take yi. Yanayin nake kwatantawa. Kuma wannan ya dawo da mu kan matsalar Mai Fassara: in an ce theoi, mu ce me? Gumaka? Gunki abu ne da aka sassaƙa, Zeus kuwa a wurinsu ba dutsen ba ne, yana can kan tsaunin Olimfos. Alloli? Wasu ba sa son jin an yi wa kalmar jam'i. Abubuwan bauta ya fi lafiya amma ya yi tsawo.

Admin_Zaure:
Jama'a a ci gaba a hankali kamar yadda aka faro. Asalin kalma muke bi, ba wa'azi ba, ba kuma gasar addini ba. Na goge saƙo biyu.

Dr_Falsafa:
Madalla da Admin. Ga wani abu da zai nuna cewa Musulmin farko ba su ji ƙyamar kalmar ba. Bayan an ci Masar, harshen ofis ya ci gaba da zama Girkanci shekaru da dama, don ma'aikatan da aka tarar shi suka iya. Akwai wata 'yar takarda ta bardi, irin wadda mutanen Masar na da ke yi da karan wata ciyawar ruwa, da ke ajiye a Biyana ta Ostiriya, mai kwanan wata na shekara ta 22 bayan hijira, wato 643. Rasit ne na tumaki 65 da aka karɓa don ciyar da runduna, an rubuta da Larabci da Girkanci. Ɓangaren Girkancin ya buɗe da sunan Allah, kuma theos aka sa. A takardun zamanin Banu Umayya kuwa har bisimilla da kalmar shahada ake rubutawa da Girkanci a saman takarda: babu theos sai theos shi kaɗai, Muhammadu manzon theos ne. Magatakardan gwamna ne suka rubuta, ba wasu baƙi ba.

Almajirin_Zaure:
Sallallahu alaihi wa sallam. Wannan ban taɓa jin sa ba, Dakta. Rasit na tumaki! Allah ya ƙara sani.

Baban_Zahra:
Ni da na ce shi ke nan tun farko, na janye. Amma ba wanda ya faɗi inda su Girkawan suka samo ta. Su me suka ce?

Malama_Harsuna:
Su ma lalube suka yi, Baban Zahra, irin na malamin Ɗan Tasha. Herodotus, marubucin tarihinsu, ya ce an kira su theoi ne don su suka ajiye komai a muhallinsa, daga aikatau mai nufin ajiyewa. Aflatun ya kawo wata: wai mutanen farko rana da wata da taurari suke bauta wa, sun ga kullum cikin gudu suke, gudu kuwa a harshensu thein ne. Duka biyun hasashe ne na jin sauti.

Abin da ke hannu shi ne kalmar ta tsufa ƙwarai. An tono allunan yumɓu a Knossos da ke tsibirin Kirit da kuma Pylos, na wajen shekara 1400 zuwa 1200 kafin miladiyya, da wani rubutu da ba wanda ya iya karantawa sai a 1952, lokacin da wani Bature mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya warware shi ya gano tsohon Girkanci ne. Yawancinsu lissafin sito ne: tumaki kaza, mai kaza, zuma kaza. A cikinsu akwai te-o, akwai kuma inda aka rubuta an fitar da mai pa-si-te-o-i, wato ga dukkan alloli. Wannan "dukkan" shi ne pan na Pantheon, ginin nan na Rum mai ƙubba da Sarki Hadrian ya gama wajen 126, wanda daga baya aka mayar coci.

Dan_Tasha:
Tumaki a can, tumaki a nan. Duk tarihin nan ashe masu sito ne suka rubuta shi.

Fasto_Bukuru:
Mai Fassara ya ambaci atheist a farko, ba a taɓa ta ba. Harafin a ɗin nan na korewa ne, kamar mu ce marar. Abin mamaki, mutanen da aka fara jifa da kalmar ba masu cewa babu Allah ba ne. Cikin laifin da aka kashe masanin falsafa Sukurat a kansa a Atina, shekara ta 399 kafin miladiyya, akwai cewa bai yarda da allolin gari ba. Romawa kuma Kiristoci suke kira atheoi don sun ƙi yin hadaya ga gumaka da sarki. Ana ba da labarin Polikap, tsohon bishop na Simirna, Izmir ta Turkiyya a yau, wajen shekarar 155. Gwamna ya ce masa ya yi tir da marasa allah, yana nufin Kiristoci, a sake shi. Tsohon ya ɗaga hannu ya nuna taron da ya cika filin yana ihu, ya maimaita kalmar a kansu. Aka ƙone shi.

Maman_Ummi:
Kai, duniya. Kowa na kiran wani da sunan.

Na_Damagaram:
Na kwana ina tunanin maganar Hajiya. Na tambayi wani tsohon malamin Latin da ke nan garinmu, ya ce gaskiyarta, a seminare ma haka anka koya musu. Amma ni har yanzu kunnena bai yarda ba. Kaina ya yarda, kunne ya ƙi.

Mai_Fassara:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na kai wa edita bayanin Fasto da na Baba Hedimasta. Mun tsaya a kan "tsarin mulkin malaman addini" in ana maganar Iran ko Batikan. Abokin aikina kuwa na karanta masa jerin decem da deka, ya ce shi ba a kayar da shi da lissafi.

Almajirin_Zaure:
Batikan kuma malamai? Fafaroma ne da kadinal-kadinal. In ka ce malaman addini mai sauraro a Kura ko Gezawa rawani zai gani.

Tsohon_Hedimasta:
To a ce shugabannin addini.

Bamaguje_Zalla:
Fir'aunan Masar fa, da sarakunan da suka ce su kansu alloli ne? Su ma theocracy ake ce wa nasu, kuma ba shugabannin addini ba ne kawai, su ne abin bautar.

Mai_Fassara:
Yaya Bamaguje, ka bari sai ranar da Fir'auna ya shigo labaran ƙarfe shida.